Gaton Inna da Geron Affala

Shekarun baya, tun ƴancin kanmu yana sabo, muna zaune a Tawa ni da maigidana, a wani gida mai ɗaki biyu da zaure, kusa da asibitin da yake aiki. Kwanaki wata daga cikinku ta tambaye ni yadda nake ajiye gato, wato biskit ɗin gida, ya yi makonni bai yi laushi ba, na ba ta amsa a gajarce. Daga baya na ga ban kyauta ba, don dabarar ba tawa ba ce. Koya mini aka yi, kuma sai da na sha kunya tukuna. Bari in ba ku yadda abin ya faru.

A lokacin ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwalej, abin da ƴan mata kaɗan suka samu a zamaninmu. Na dawo gida da takardar shaida da wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, inda na rubuta duk girkin da madam ɗinmu, Baturiyar da ke koyar da aikin gida, ta koya mana. A ciki har da gato: fulawa, sukari, ƙwai, madara da man shanu. Ba ni da tanda irin ta makaranta, sai in zuba yashi a gindin tukunyar ƙarfe, in ɗora faranti a kai, in rufe, in tara garwashi bisa murfin. Ranar da na yi, sai maƙwabta sun sani, don ƙamshin ba ya tsayawa a gidanmu.

Mahaifiyata, Inna, tana fama da ciwon ciki a shekarar, har ta dawo wurinmu da zama don ta fi kusa da magani. Tuwo yana tayar mata da shi, duk abin da ke da yaji ko mai da yawa haka. Maigidana ya ce kada ta yarda cikinta ya zauna babu komai, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan. To abu biyu kawai cikin ya karɓa: hura, da gatona idan ta jiƙa shi a shayi marar ƙarfi. Ni kuwa nan na ƙara kumbura. Ga abin da na koyo a makaranta ya zama magani.

A shekarar ne kuma Allah ya buɗe mata hanyar Makka. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, ita kuma tun ina ƙarama nake jin tana roƙon Allah kada ya ɗauki ranta ba ta ga ɗakinsa ba. Wanda zai kai ta yayanta ne, kawuna, mai fataucin dabbobi tsakanin Tebaram da kasuwar Tawa. Mutum ne mai barkwanci, amma idan ya yanke magana ya yanke. Har ta tsufa “yarinya” yake ce mata, ni kuma tun da na shiga kwalej ya laƙaba mini “Madam”.

Bayan ƙaramar salla ya zo gidanmu da hantsi, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Yana zaune ya ga Inna ta kai loma biyu ta ture akushi, ta dafe ciki. Ya daɗe yana kallonta.

“Yarinya, wanga abu ba shi yiwuwa,” ya ce. “Tahiya ce ta kusan wata biyu. Mota har Yamai, ga jira, ga jirgi, can kuma abincin mutane da ba mu sani ba. Hura kwana nawa taka yi? In kai ki ki kwanta mini ƙasar mutane? Bana ki zauna. In kin samu lahiya, baɗi.”

Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbinta. Ta riga ta ɗinka fararen kayanta, ta yi ban kwana da rabin dangi. Kuma duk wanda ke wurin ya san babu wani baɗi. Kawu ba zai je sau biyu ba, ita kuma ba ta da wani muharrami da zai iya tafiyar.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Kawu, ai tana cin gato. Gato kuwa ba ya lalacewa. Zan yi mata wanda zai kai ta ya dawo da ita.”

Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. “To, Madam ta yi magana. Jibi za ni Tebaram, kwana bakwai. Ki ba ni shi in sa cikin kaya. In na komo in buɗe gaban kowa. In ya ciwu, ta tahi. In bai ciwu ba, kada wanda shi sake tada mini zancen.”

Na ce na yarda, har da murmushi.

Washegari na tare Bafulatanar da ke kawo mana nono, na zaɓi man shanu sabo fari tas, curi-curi yana yawo a cikin ƙwarya. Na buɗe kayena na bi shi layi-layi, ban tsallake ko ɗigo ba. Gaton ya yi kyau, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba, manya-manya masu kauri da taushi a ciki. Na samo wani babban gwangwani. Da yake ina tsoron kiyashi, ina saukewa daga tukunya ina jerawa a ciki, na danna murfi na ƙara dannawa. Har takarda na manna a jiki, na rubuta ranar da na yi shi da Faransanci. Wa zai karanta? Raƙumin Kawu ne kawai ya yi tafiyar da ita.

Ranar da ya dawo ta faɗo ranar kasuwa. A ranar kuma surukata ta shigo daga Affala bisa jaki, ta kawo mana gero kamar yadda ta saba. Iya muke ce mata. Maigidana ɗanta ne na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, ba ta taɓa kwana a gidanmu ba. Takan sauke kaya, ta sha ruwa, ta gaisa da Inna, kafin la'asar ta kama hanya. Ni kuma “Amarya” take ce mini, alhali na shekara uku a ɗaki. Ban taɓa zama mun yi doguwar hira ba. Nakan ce kunya ce. Kunyar tana nan, amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da sai yanzu nake iya faɗa: gani nake matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ba ta da abin da za ta koya mini.

Kawu ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin. Warin ya riga komai fitowa. Gaton ya yi lagwas, ya manne da juna, na ƙasa ya yi hunhuna kore-kore.

“Madam,” ya ce yana toshe hanci, “wanga gato ne ko daddawa?”

Ya fara dariya, sai ya dubi Inna ya haɗiye ta. Ita kuwa ta miƙo hannu ta mayar da murfin a hankali, kamar mai rufa wa wani asiri.

“Allah bai nuhi ba,” ta ce. “Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Allah shi yi miki albarka.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tashi na zagaya bayan madafa, na zauna bisa turmi na yi ta kuka. Da bakina na ɗauki alkawarin, da hannuna kuma na rufe wa mahaifiyata hanya.

Ina nan sai na ji tafiya. Iya ce, riƙe da gwangwanin. Ta tsuguna gabana, ta buɗe, ta shinshina, ta ɗauki guda ta murza da yatsa, ta shafa cikin murfin.

“Amarya, da wane mai kinka yi shi?”

“Man shanu, Iya.”

“Toyayye?”

“A'a, ɗanye. Haka aka rubuta.”

“Wa ya rubuta?”

“Madam ɗinmu.”

“Garinsu ana zahi awa nan?”

Na girgiza kai.

“Kuma da ɗumi kinka ruhe shi. Ga gumin nan jikin murhi. Haba, Amarya. Ko ke anka ruhe da ɗumi cikin wanga, anka ɗora bisa raƙumi kwana bakwai, ai sai kin yi wari.”

Ina hawaye dariya ta ƙwace mini. Ta tashi ta karkaɗe zane, ta koma tsakar gida. Ina jiyo ta da Kawu daga inda nake.

“Alhajin gobe, saura kwana nawa mota?”

“Sha takwas.”

“A ba mu uku na aiki, kai ka ɗauki goma na gwaji.”

“Ai na riga na yi magana.”

“Ka yi magana bisa gaton Nasara. Na Affala ba ka gani ba tukuna.”

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Surukai ne, ba zai iya ce mata a'a kai tsaye ba. “To shi ke nan. Kwana goma. Amma ku sani ba inuwa zan aje shi ba.”

Ranar Iya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta aika wa mutanen Affala da suka zo kasuwa tare cewa su wuce, ta kwana uku a gidan ɗanta na fari. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa, asuba ta fari yake ficewa.

Ni na ɗauka da fulawa za mu fara. Ita da gero ta fara. Ta ɗebo daga wanda ta kawo, ta sheƙe, ta tsince, ta baza bisa tabarma a rana. Wuni biyu tana juya shi da hannu. Jifa-jifa ta ɗauki ƙwaya ta ciza kusa da kunnena. “Kin ji? Bai yi ba.” Sai da ya ce ƙas, sannan ta kwashe shi zuwa inuwa ya huce. Gwangwanin ma ta ce a kawar da babban. Maigidana ya samo mana ƙanana na madarar gari da aka gama da su a asibiti, muka wanke, muka kife su a rana.

“Abin da kika buɗewa kullum iska ka cinye shi,” ta ce. “Gwangwani guda, mako guda. Sauran su yi ta barci.”

Sai man shanu. Ta zuba shi a kasko bisa wuta kaɗan, yana kumfa yana tsartsatsi. Ta ce in saurara, wannan ƙarar ruwa ne ke fita, ruwan kuwa shi ya ɓata mini na farko. Muna tsaye har ƙarar ta ɗauke, man ya koma garai-garai, gurɓin ya kwanta a ƙasa. Ina kallo sai na ga ta ɗauko albasa ta fara yankawa, kamar yadda kowace mace take yi idan tana toya man miya. Shekara uku ban taɓa gyara mata magana ba.

“Iya,” na ce a hankali, “banda albasa.”

Ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta dubi albasar, ta dubi sukarin da na daka, sai ta fashe da dariya har tana share ido da bakin zane. “Ai kuwa da mun yi wa Hajiya gaton miya! To kin ga, lakwal ɗin ma tana da rana.”

Daga nan bakina ya sake. Ta ce a cire madara, na cire. Ta ce a cire ƙwai, na ce in babu shi sam ba zai haɗu ba, sai dai a rage. Ta ce, “Nan ke kinka sani.” Ta sa na murza ƙullun ya yi siriri, na yanka ƙanana. Da suka gasu ta ce a mayar da su tukunya karo na biyu, bisa garwashin da ya kusa mutuwa, har sai sun bushe ciki da waje. Muka baza su a faifai, muka ɗora bisa kujera, muka sa ƙafafun kujerar cikin kwanukan ruwa saboda kiyashin da nake tsoro, muka lulluɓe da mayani. Ta hana ni taɓa su sai washegari. Na je zan jera da yamma ta buge mini hannu.

Da safe ta zauna ta miƙe ƙafa. Gero a gindin gwangwani, sai gato jeri ɗaya, sai gero ya rufe shi, sai wani jerin, har baki. Ta girgiza kusa da kunne, inda ta ji motsi ta ƙara gero. Ta ce haka suke binne kilishi da ƙwan zabi a cikin rumbu tun kakanni.

“Hatsi shina shanye raɓa, kuma ba shi bari abu shi karye. Ko an jeho shi daga bisa mota.”

Ta narka kakin zuma, ta tsoma tsummoki sirara a ciki, ta naɗe bakin murfin ta shafe da babban yatsa. Guda ɗaya muka ba Kawu. Ban manna takarda ba wannan karon.

Kwana goman nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Iya ta koma Affala. Inna ba ta sake tada zancen Makka ba, amma wata rana na shiga ɗaki na tarar ta mayar da fararen kayanta can ƙasan akwati, ta danne su da tsofaffin zannuwa. Ban nuna na gani ba. Kowace salla roƙona ɗaya: Ya Allah, kada ka kama ta da girman kaina.

Ran na goma Kawu ya shigo bayan azahar, gwangwanin ya yi zafi har ba ya riƙuwa, gefensa ya lotsa. Ya ce ya faɗo sau ɗaya a hanya, ba da gangan ba. Ya yanke kakin, ya juye a faifai. Ya tona geron ya ciro gato guda, ya duba gaba da baya, ya shinshina, ya kai baki. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Ƙaras.

Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku.

“Kawu, na Inna ne fa.”

“Madam, bincike nika yi.”

Ya ci na huɗu, ya karkaɗe gemu, sannan ya juya wajen ƙanwarsa. “Yarinya, tashi ki hiddo kayanki.”

Inna ba ta tashi ba. Nan inda take ta juya gabas ta sa goshi a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A kwanakin da suka rage Iya ta sake zuwa da wani geron, muka yi gwangwani takwas. Ranar tafiya da hannuna na jera su a akwatin Inna. Motar ta tashi tana ɗaga mana hannu daga cikin mata, ni kuwa lissafin makonni kawai nake yi a zuci.

Sun dawo ana gab da damina. Inna ta rame, ta yi baƙi, amma da ƙafafunta ta sauko daga mota, ba wanda ya riƙe ta. Kawu ya ce ko sau ɗaya ba ta kwanta ba. Ya ce rabin matan masaukinsu sun ɗanɗana gaton, shi ma ya ɗan taimaka don kada kaya su yi nauyi.

Kwana biyu bayan haka Iya ta zo barka da sauka. Ta zauna can bakin tabarma kamar kullum. Aka ba ta zamzam ta sha, ta shafa a fuska. Inna ta jawo akwati ta fiddo gwangwanayen nan, ta dawo da su duka takwas, guda cike da dabino ta tura gaban Iya. Iya ta buɗe wani fanko ta leƙa. Manomiya ce, abin da ya dame ta daban.

“Hajiya, hatsin hwa? Kun zubar?”

“Zubarwa?” in ji Inna. “Ai can Harami akwai tattabaru, ba su ƙirguwa, ba mai korar su. Mutane na watsa musu abinci. Duk gwangwanin da ya ƙare, sai in ƙulle hatsin a bakin mayahi in tahi da shi. In watsa musu, su sauko har bisa ƙahwata. Ina watsawa ina kallon ɗakin Allah, ina cewa, ya Rabbi, wanga hatsin baiwarka ne ta Affala, ita ta nome shi, ita ta kawo ni.”

Iya ta riƙe gwangwanin da hannu biyu tana kallon cikinsa. Ita ta san ba za ta je ba, mu ma mun sani. Can ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe, dariya take yi da hawaye.

“To alhamdu lillahi,” ta ce. “Ni ban je ba, amma gonata ta je.”

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, ana kiranta Hajiya, tana amsawa da jin daɗi kamar yarinya. Iya ta fi haka daɗewa, kuma daga wannan shekarar ba ta ƙara zuwa Tawa ta juya a ranar ba. Takan kwana, mu zauna bayan madafa mu yi ta hira. Abubuwan da na koya a bakinta sun fi na cikin kayena yawa, wasu ma a bayan kayen na rubuta su, da Hausa. Makkar kuwa Allah bai nufe ta da zuwa ba.

Idan na tuna, nakan tsorata da yadda abin ya kusa wucewa. Da ranar da Kawu ya buɗe gwangwanin farko ba ranar kasuwa ba ce, da Iya ta yi zamanta bisa tabarma ta ce ba ruwanta da ƴar lakwal, da Inna ta rasu da fararen kayanta a ƙasan akwati. Shekara uku matar nan tana shiga gidana tana fita, ban taɓa tambayarta ko yadda ake toya mai ba, kuma ranar da na faɗi ba ta tuna mini ba.

To ƴar'uwata mai tambaya, ga cikakkiyar amsarki. Ki toya manki, ki gasa sau biyu, ki bari ya huce har ya kwana, ki raba shi ƙananan mazubai. Yanzu akwai robobi masu murfi da ba sa buƙatar kakin zuma, ni ma da su nake aiki. Amma har yau sai na zuba gero a gindi. Idan gaton ya ƙare, nakan fita tsakar gida in watsa wa tattabarun unguwa, in yi wa mata biyu addu'a, in fara da mai gonar.